Daga Dokin Ƙofar Indo Ungozoma

A Ƙofar Guga, idan ka tambayi gidan Malam Ɗanliti baduku, sai an yi shiru an yi tunani, duk da shi ya gina gidan. Idan kuwa ka ce gidan Indo Ungozoma, ko wanda ya tare unguwar jiya zai nuna maka. Malam Ɗanliti ya rasu shekara goma sha tara ke nan, kuma tun yana raye ya saba da wannan tsari. Idan yana son a gane shi da wuri, yakan ce shi ne mijin Indo.

Wajen goggonta ta koyi karɓar haihuwa, ta kuma yi shekara arba'in da 'yan kai tana yi. A tsakiyar shekarun nan hukuma ta tara ungozomomi aka koya masu wanke hannu da sabulu, aka ba kowacce akwatin ƙarfe da sabuwar reza da zare. Indo ta karɓa ta yi godiya, ba ta gaya wa kowa cewa da ma tana wanke hannunta ba. Yanzu asibiti mata suke zuwa, ita ma can take tura su, wani lokaci har da faɗa. Abin da ya rage mata na sana'ar shi ne tafiyar. Kullum da hantsi takan yafa mayafi, ta tsallake dokin ƙofa da bisimilla, ta shiga gari gaishe-gaishe, sai azahar.

Garin da take shiga ba shi ne wanda ake nuna wa baƙi ba, ko da yake wuri ɗaya suke zaune. Baƙi akan kai su Hasumiyar Gobarau, da Ƙofar Soro, da tsohuwar kwaleji, su ɗaga kai su yi hoto. A wurin Indo, Gobarau ita ce inda ake karya kwana zuwa gidan da aka haifi 'yan biyu ranar jajibirin salla. Manyan mutanen gari ma haka take auna su. Akwai wani lauya da in an ambace shi takan ce, "Da ƙafa ya zo, ya ba uwarshi wahala," kuma har yau bai ci wata shari'a da ta goge masa wannan ba.

Alfaharinta ɗaya ne. Ba ta taɓa mance gidan da ta karɓi haihuwa ba, balle wurin da ta binne mabiyiya. Aikin ungozoma ne wannan: bayan an yanke cibiya, ita za ta wanke mabiyiyar, ta haƙa rami a cikin gidan, ta binne, ta ɗora tsingaro a kai. Indo takan ce ko ido rufe za ta iya kai mutum kan nasa.

Sai ga shi wata biyu kafin damina, Indo ta ɓata a hanya. Bikin suna ta je can wajen Ƙofar Marusa, aka matsa mata aka sa ta a Keke Napep, direban ya ga cunkoso ya sauke ta ta wata fuskar da ba ta saba ba. Ta yi ta zagaye har la'asar, sai wani tela da ya gane ta ya zaunar da ita a benci, ya kira autanta Umair a waya.

Umair ma'aikacin gwamnati ne, a GRA yake zaune, kuma yana son uwarsa so irin na mutumin da ya saba rubuta rahoto. Cikin sati biyu ya gyara mata ɗaki a gidansa, da tayil da na'urar sanyi da banɗaki a ciki, ya ce ƙarshen wata za ta koma can. 'Yan uwansa duk suka ce ya kyauta. Indo ta je ta ga ɗakin, ta sa albarka, ta leƙa waje ta ga titi miƙe babu lungu ko ɗaya, babu kowa a bakin ƙofa sai maigadi. Ta dawo gida ba ta ci tuwon kirki ba kwana uku.

Saura kwana tara wata ya ƙare, ran Asabar da safe, Umair yana tsakar gida yana auna gadonta da igiya ko zai shiga mota, aka yi sallama. Wata mata ce doguwa, da ɗankwali da jaka a kafaɗa. Ta durƙusa har ƙasa.

"Ina kwana, Mama?"

"Lafiya lau. Ina gajiya? Ina mutan gida? Daga ina?"

"Daga Kafancan. Sunana Mercy. Ni 'yar Rahila ce, wadda ta yi aikin duba yara gida gida a nan garin."

Indo ta ajiye carbinta. Ta daɗe tana kallon fuskar, sannan ta kalli ƙafafun.

"Marka!" in ji ta. "Ɗiyar malamar asibiti! Auta, zo ka ga Marka. Da ruwan sama ta zo, shi ya sa na sa mata haka, iyayenta suka je suka canza."

Labarin a taƙaice shi ne, shekara talatin da uku da suka wuce Rahila na bin gidajen cikin gari da sikelin awon jarirai, tana yi wa mata nasiha su riƙa zuwa asibiti haihuwa. Da tsohon ciki take wannan yawo. Wata ranar marka, bayan la'asar, tana tsakiyar nasihar a gidan wani marini, naƙuda ta kama ta. A kan tabarmar mutane ta haihu, a hannun Indo. Ba a daɗe ba aka yi wa mijinta canjin wurin aiki suka bar Katsina.

"Ina ita Rahilar?"

"Ta rasu bara, Mama."

Indo ta ce Allah ya ba su haƙuri, ta sake faɗa.

Mercy ta buɗe jaka ta fito da wani tsohon zane mai ɗigo-ɗigo, an ninke shi har ninkin ya yi fari. Ta ce da shi aka naɗe ta ranar, uwarta ta ajiye. Uwar tana jinya ta yi ta maganar gidan da ta haihu, amma sunan mai gidan ya ɓace mata, abin da ta riƙe kawai shi ne ba nisa da fada. Ta ce wa Mercy in ta je Katsina ta nemi Indo. Ita dai Mercy so take ta tsaya a inda aka binne mabiyiyarta, ta gode wa mutanen gidan, tun da uwarta ba ta samu komawa ba.

"Gidan Sammani marini ne, bayan karofi inda ake rini," in ji Indo. "Tashi mu je."

"Inna," in ji Umair a hankali, "shekara talatin da uku fa. An rushe gidaje, an fitar da titi. Bari in sa a bincika."

"A bincika wa? Ni na binne." Ta juya ta dube shi da igiyarsa a hannu. "To ji nan, Auta. In na kai ta, ka bar ni ɗakina. In na kasa, ranar nan ma ka ɗauki gadon."

Umair bai so yin caca da uwarsa ba, amma ya ga hanya ce da za ta tafi ba tare da rigima ba. Ya ce ya yarda. Kuma don tausayin gwiwoyinta ya sa su a mota, ya bi babban titi, ya sauke su a gaban Ƙofar Soro, tun da an ce kusa da fada ne.

Mercy ta tsaya kallon ƙofar fadar da faffaɗan filin da ke gabanta. Indo ba ta ko ɗaga kai ba. Ta duba gabas, ta duba yamma, ta zaɓi wani lungu ta shiga da ƙarfinta. Suka bi ta. Lungun ya ɓulle da su gaban wata rumfar cajin waya. Ta koma, ta ɗauki wani, ta tambayi wani mai gyaran babur ina rijiyar nan mai baki biyu.

"Hajiya, shekarata goma sha biyar a nan, ban taɓa ganin rijiya ba."

"To kukar fa?"

"Wace kuka?"

Lungu na uku ya sake kawo su gaban rumfar cajin wayar, mai rumfar ya gaishe su a karo na biyu cikin ladabi. Indo ta zauna a kan wani dakali. Mercy ta tsuguna ta ce ba komai, ganin Mama ma ya ishe ta. Umair, da ya ci nasara, ya tsaya gefe yana kallon takalmansa kamar wanda aka kama da laifi.

"Mai da ni gida," in ji Indo.

Da suka isa Ƙofar Guga, Umair ya riga ta fita don ya riƙe mata hannu. Ta shiga zaure. Sun zaci ciki za ta wuce ta kwanta, sai suka ga ta tsaya, ta juya ta fuskanci waje, ta gyara mayafi.

"Ranar nan ba daga fada na je ba," ta ce. "Mi zai kai ni fada? Ina nan ina tankaɗe, Sammani ya zo da kanshi, hannuwa baƙi ƙirin da shuni, yana ta sallama kamar ana biye da shi. Daga nan na tashi."

Ta yi bisimilla ta tsallake dokin ƙofa, ta yi hannun dama.

Wata tafiya ce daban. Ba ta duba gabas ba, ba ta tambayi kowa ba. Ta bi ta gefen ragowar ganuwa, wadda ruwan sama da masu neman ƙasar gini suka yi shekaru suna raba ta tsakaninsu, ta kutsa wani lungu da mutum biyu ba sa jerawa. Mercy na biye da ita, Umair na can baya da takalmi sau-ciki yana tsallake kwata. Ta kowace ƙofa ana miƙo gaisuwa, tana amsawa ba tare da ta rage sauri ba.

"Inna Indo, ina kwana?"

"Lafiya lau. Yaya mai tarin?"

"Da sauƙi."

"A bar ba shi ruwan firji."

Tana tafe tana ba Mercy garin. Wancan soron mai zanen makuba, can ta karɓi yaron da ya ƙi kuka sai da ta hura masa kunne, yanzu shi ne ladan, unguwa ba ta barci saboda shi. Wancan gidan bulo, a da na ƙasa ne, 'ya'ya mata huɗu ta karɓa jere, uban yana zaure yana tambayar ko ta duba da kyau. A wannan kwanar ne ruwa ya tsuge ranar, ta ɗora akwatin ƙarfen a ka, Sammani na gaba yana waiwaye.

Sai lungun ya buɗe, Hasumiyar Gobarau ta bayyana, ja, mai faɗi daga ƙasa tana tsukewa sama, tsuntsaye na shawagi a kanta. Mercy ta tsaya cak. Umair, da ya samu damar numfashi, ya fara bayani cewa ginin ƙasa ne zalla, ya yi ɗaruruwan shekaru, masana ma ba su daidaita kan adadin ba, a da daga samanta ake kiran salla.

"Mama, kin taɓa hawa?" in ji Mercy.

"In hau in karɓi haihuwar wa?" Ta nuna ƙasa da baki. "Nan dai taɓo ya cinye mani takalmi ƙafa ɗaya saboda ke. Yana nan ƙarƙashin kwaltar nan."

Mercy ta ɗauki hoton hasumiyar, sannan ta sunkuya ta ɗauki hoton kwaltar.

Gaba kaɗan Umair ya ga abin da ya sa ya daina kallon takalmansa. Sun iso wani ɗan sarari, fili fetal babu komai, amma uwarsa ba ta ratsa ta tsakiya ba. Sai ta kauce, ta yi zagaye a hankali tana tattare zane, kamar mai gudun santsi, sannan ta miƙe. Ya tsaya ya duba wurin. A ƙasa akwai alamar da'ira, siminti ya ɗan lotsa. Rijiyar ce mai baki biyu, wadda mai gyaran babur bai taɓa gani ba. Taku kaɗan bayan nan ta sunkuyar da kai a inda babu abin da zai buge ta. Umair ya ɗaga ido, wayoyin lantarki kawai ya gani, amma ya san wurin reshen kukar ne.

Daga nan aka zo inda ya fi tsoro. Sabon titi mai hannu biyu ya yanke unguwar, gidajen da ke nan duk sun tafi. Indo ta tsaya a bakin kwalta. Bakinta na motsi, ba a jin abin da take faɗa. Umair ya buɗe baki zai yi magana, Mercy ta girgiza masa kai. Can sai Indo ta sauka titin, ba miƙe kamar kowa ba, a karkace, yadda tsohon lungun ya bi. Umair ya ruga gaba ya ɗaga hannu biyu yana tsayar da ababen hawa. Wani mai Keke Napep ya danna ham ya leƙo da faɗa a bakinsa, da ya ga ko wace ce sai ya haɗiye.

"Inna Indo ce! A wuce lafiya, Inna."

"Gaida uwarka," in ji ta, ba ta ko kalle shi ba.

A ɗaya gefen, lungun ya ci gaba daidai inda ƙafarta ta sauka. Suka wuce wani fili da aka jibge bulo, a ƙasansa da'irori jere an cike su da ƙasa, bakinsu har yanzu da sauran shuɗi. Karofin ke nan. Bayansa wata ƙofar ƙarfe koriya. Indo ta tura ta yi sallama.

Wata dattijuwa ce zaune tana tsinke zogale. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da yara da zafi, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Sunanta Halima, matar marigayi Sammani. Sai da aka gama duk wannan Indo ta ce, "Halima, kin gane wannan?"

Halima ta duba Mercy ta ce fuskar ba ta zo mata ba. Mercy ta fito da zanen ta warware.

"La ilaha illallahu! Zanena!" Halima ta dafe ƙirji. "Na lefena ne, ko sau ɗaya ban ɗaura ba. Ke ce ɗiyar malamar asibiti? Ina amarya wata uku, uwarki ta zo tana mana wa'azin a haihu asibiti, ta ɓata mani sabuwar tabarma!"

Mercy ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Halima ta jawo ta jikinta tana buga bayanta, ta ce in ji dai Rahila na lafiya. Da aka gaya mata, ita ma ta sa gefen mayafi a ido. Mercy ta miƙa mata zanen. Halima ta ture hannun.

"Wa ya taɓa karɓe zanen jariri? Naki ne. Ni tabarmar nake bi."

Indo ba ta zauna ba. Ta ratsa tsakar gidan, wanda yanzu duk siminti ne, ta wuce turmi, ta zagaya bayan ɗakin kudu, ta tsaya kusa da indararo. Wurin an kafa turke, wata akuya na ɗaure tana tuƙa. Nan kaɗai ne ba a zuba siminti ba.

"Nan," in ji ta. "Taku biyu daga bango, don kada ruwan indararo ya tone."

"Nan ne," in ji Halima. "Ni na riƙe mata faranti a ka saboda ruwa tana haƙa."

Aka janye akuyar, wadda ba ta ga dalili ba. Mercy ta cire takalmi ta tsaya a wurin. Ta rufe ido ta yi addu'a irin tasu, a hankali, matan biyu suka yi shiru har ta gama, suka ce amin. Ba ta ɗauki hoto ba.

Halima ta hana su tafiya sai da aka ci ɗanwake. Bayan azahar Mercy ta yi sallama da kowa, ta ce za ta kwana wajen wata 'yar garinsu da ke aiki a nan, gobe ta biyo ta gaida Mama kafin ta kama hanya. Indo ta ce ta zo da wuri, in ba haka ba ta tarar ta fita.

Uwa da ɗa suka kamo hanyar gida ta inda suka zo. Ta sunkuya wa kukar, ta zagaye rijiyar. Wannan karon Umair ma ya zagaye.

"Inna," ya ce, "ranar sunan nan da kika ɓata. Mai Keke ne ya sauke ki wani wuri?"

"Na ce masu su bar ni in taka, suka ce girma ya kama ni."

Suka wuce Gobarau. Yana tunanin ɗakin tayil, da ƙofarsa da babu wata tafiyar uwarsa da ta taɓa farawa daga gare ta.

A zaure ya ɗauki igiyar awonsa da ya bari, ya naɗe ya sa aljihu. Ya ɗaga kai ya duba rufin, ya ce azara biyu sun ruɓe, zai turo magini kafin ruwa ya sauka. Zai kuma gaya wa mutanen unguwa, duk mai son taimakon Inna ya raka ta da ƙafa, kada a ƙara sa ta a abin hawa.

"Dokin ƙofar nan ma ya cinye," ya ce. "A fasa a zuba sabo, a ɗan faɗaɗa ƙofar."

"Rufin dai," in ji Indo. "Ƙofa a bar ta inda take."

Ta cire mayafi ta rataye a ƙusa, ta tambaye shi ko ƙafarsa ta yi bororo. Ya ce a'a. Ta ce ya cire takalmin ta gani.